Tambarin Mai Jirage

Sufeto yana cikin sauraron wata tsohuwa da ta kawo ƙarar maƙwabcinta a kan magudanar ruwa, sai ga Saje ya faɗo ofis ko sallama babu, hularsa a hannu.

"Yallaɓai, an kashe Mai Jirage."

Sufeto ya ajiye biro. A garin nan ba a tambayar wane Mai Jirage. Mutum ɗaya ne, dattijon masassaƙin nan da yake yin ƙananan jiragen ruwa na katako. Jirgi ba zai wuce kamu ɗaya ba, amma komai akwai a jikinsa: ƙofofin da ake buɗewa da bakin allura, matakala, angar tsayar da jirgi, igiyoyi sirara kamar gashin kai. Daga nesa baƙi suke zuwa saye. Shi kansa Sufeto ya taɓa tsayawa gaban wani a zauren otal har ya manta abin da ya kai shi wurin.

"Wa ya kashe shi?"

"Wai ɗansa, makanikin nan. Mutanen layi sun riƙe shi. In ba mu hanzarta ba, gawa biyu za mu ɗauko."

Sun tarar da ƙofar gidan cike da jama'a. Makanikin yana zaune a ƙasa, gaban rigarsa jina-jina, leɓensa a fashe, bai ma san ana zaginsa ba. Wata mata tana ta nanata wa kowa cewa da kunnenta ta ji shi da safe yana yi wa ubansa ihu, yana cewa sai ya cinna wa jiragen nan wuta. Da ƙyar Saje ya ratsa ya saka shi a mota.

A gefe, jikin wata tsohuwar motar ɗaukar kaya, wani dattijo siriri yana tsaye, ya sa riga mai dogon hannu ya ɓalla maɓallanta har wuya duk da zafin da ake yi. Aka ce wa Sufeto ƙanin marigayin ne, shi ke tuƙa masa mota, shi ke ɗauko katako. Kowa Direba yake ce masa. Ya ce ya tafi kasuwar katako tun da safe, dawowarsa ke nan ya tarar da wannan masifa.

Ɗakin sassaƙar yana can bayan gida. Sufeto ya tsaya a bakin ƙofa bai shiga ba. Ya daɗe yana wannan aiki, amma abin da ya gani sai da ya tsayar da shi.

Mai Jirage yana kwance rubda ciki a cikin garin katako, ƙeyarsa a fashe, gudumar katako a kusa da ƙafarsa. An kifar da babban teburin aiki. An zazzage aljihunan teburin, gwangwanayen fenti sun gangara, samfefa da zare da hantsaki sun watsu ko'ina. Amma a jikin bangon, kanta bisa kanta, jirage ne jere reras, ko wanda ya karkace babu.

Saje ya cire hula ya sosa kai. "Yallaɓai, ko wane ne wannan, yana da ladabi. Ya kashe mutum, ya kifar da tebur, amma ko zare ɗaya bai tsinka ba."

Sufeto ya shaƙi iska. Hancinsa ne ya jawo shi ciki. Ban da ƙarnin jini akwai ƙaurin katakon da aka ƙona. A ƙasa kusa da ƙaramin murhun gas ya ga wani ƙarfe mai mariƙin itace, bakinsa da zanen anga a cikin zobe. Tambarin Mai Jirage ke nan, wanda ake gasawa a wuta a danna a gindin kowane jirgi.

A kanta ta can sama akwai jirgi ɗaya da ya bambanta da sauran. Ba mai filafilai ba ne irin na kwalliya. Jirgin dakon kaya ne, mummuna ma, ba a kuma gama shi ba, ko fenti bai gani ba. Sufeto ya taka kujera ya juyo shi a hankali. Gefen da yake kallon bango duk feshin jini ne. A wannan gefen an liƙa wani siririn falle na katako da gam, an danne shi da 'yan matsai irin na shanya tufafi don ya kama. Matsan fes suke, ko ɗigo babu a jikinsu. Ya ɗaga ɗaya kaɗan. A ƙarƙashinsa akwai ɗigon jini da matsin ya danne ya baje.

Sufeto ya mayar da matsin ya juyo.

"Saje, jirgin nan a kan tebur yake lokacin da aka bugi mutumin nan. Wani ya ɗauke shi ya kawo nan kafin ya kifar da teburin. Bayan haka ya lura fallen da aka liƙa yana ɗagowa, sai ya tsaya ya sa masa matsai."

"Da gawa a ƙasa?"

"Da gawa a ƙasa."

Saje ya ja da baya har sai da ya bugi ƙofa. Sufeto ya leƙa gindin jirgin. Tambarin yana nan, baƙi ƙirin, sabo, gefensa har da toka.

Da suka koma ofis, Oga, shugaban ofishin, bai ga abin dogon bincike ba. Ga jini a riga, ga shaidu sun ji barazana, ga jama'a a fusace a waje. Ya ce gobe da safe a kai yaron kotu da tuhumar kashe ubansa. Sufeto ya san abin da wannan tuhuma take kaiwa gare shi, igiya ce a ƙarshenta. Ya roƙi a bar masa fayil ɗin zuwa safiyar. Oga ya ɗaga kafaɗa ya ce in ya ga dama ya kwana da shi a ƙarƙashin matashi.

Aka fito da makanikin daga sel. Sufeto ya tura masa ruwa, ya jira har ya shanye.

"Ka je gidan da safe?"

"Ban je ba. Sau ɗaya na je, na same shi a kwance. Na ɗaga shi ina jijjiga shi, shi ne jinin nan."

"Maƙwabciyarku ta ji muryarka da safe."

"Wannan matar ko kyanwa ta yi tari sai ta ce ni ne."

Sufeto ya yi shiru yana kallonsa. Ba ya gaggawa da mai ƙarya, ya san shiru ya fi tsawa nauyi. Can sai makanikin ya dafe kai da hannu biyu.

"Na je. Matata ce ta haihu, aiki aka yi mata, tana asibiti. Jikansa na fari. Kowa ya je, har mai shagon bakin layi ya je, ban da Baba. Na je na ce masa ya zo ko na minti biyar ne ya ɗauki yaron. Ya ce gam bai bushe ba. Gam, Yallaɓai! Sai na faɗi abin da na faɗa. Na je gareji na kasa taɓa komai, na dawo in ba shi haƙuri."

"Wa ke ɗakin lokacin da kuke faɗan?"

"Shi kaɗai. Baffa ya tafi katako."

"Kana sassaƙa?"

Makanikin ya yi wata dariya mai ɗaci ya shimfiɗa hannuwansa a tebur. Yatsu ne kamar turame, baƙin mai ya shige cikin kowace tsaga.

"Da waɗannan? Tun ina ƙarami ya kore ni daga ɗakin. Ya ce hannun guduma ne da ni, in taɓa ƙwai ma sai ya koma wainar ƙwai. Abin da kawai yake bari in taɓa shi ne hannunsa."

"Hannunsa?"

"Na hagu, daga nan zuwa nan." Ya shafa daga wuyan hannu zuwa gwiwar hannu. "Sumul kamar kan jariri. In ya wasa wuƙa, a nan yake gwada kaifinta, in ba ta aske gashi ba, ba ta yi ba. Kullum sai ya gwada, to yaushe gashi zai fito? Ina yaro nakan kwanta ina shafa wurin har barci ya ɗauke ni."

Sufeto ya sa aka mayar da shi, ya ɗauki hularsa ya nufi asibiti.

Likitar da ta duba gawar ta ce bugu ɗaya ne, daga baya, da ƙarfin gaske. Sufeto ya roƙe ta ta yaye masa hannun hagu. Ta yaye. Gashi ne cunkus, fari da baƙi, tun daga wuyan hannu har gwiwa. Ya juya tafin hannun. Laushi kamar na ma'aikacin banki, babu kanta, babu tabon yanka ko ɗaya sabo.

"Me kake nema?" in ji likitar.

"Hannun masassaƙi."

"To ba a nan yake ba." Ta jawo wata 'yar leda daga cikin kayan da aka cire masa. Ƙwayoyi ne a kwalba. "A aljihunsa na ciki na same su. Maganin ciwon karkarwa ne, kuma wanda aka kai ga ba shi wannan ƙarfin ya yi shekaru yana fama. Mutumin nan ko zare ba zai iya zura wa allura ba. Ina shakkar ma ko yana iya kai cokali baki bai zubar ba."

"Likita, kin san ko wane ne wannan?"

"Na sani. Akwai jirginsa a ofishin shugaban asibitin nan, bara aka kawo." Ta tsaya da maganar a bakinta, ta kalli hannun, ta kalli Sufeto. "To wa ya yi shi?"

Sufeto ya fito ya zauna a mota bai ce a tayar ba. Saje ya gaji da jira.

"Yallaɓai, lafiya? Kamar ka ga fatalwa."

"Gari guda muna ta jinjina wa hannun da ba ya iya riƙe kofi."

Da la'asar suka koma gidan. Matar marigayin tana falo a tsakiyar mata, idanunta sun kumbura. Sufeto ya nemi a ba su wuri, ya zauna a ƙasa nesa kaɗan da ita, ya yi mata gaisuwa yadda ya kamata kafin ya shiga tambaya.

"Mama, maigidan yana da wani ciwo?"

"Lafiyarsa ƙalau. Ko ciwon kai ba ya yi."

Sufeto ya ajiye kwalbar maganin a kan tabarma tsakaninsu. Ta kalle ta, ta kawar da kai.

"Mama, gobe da safe za a kai ɗanki kotu a kan shi ya kashe ubansa. Wanda ya rasu ya riga ya rasu. Mai rai nake ƙoƙarin fitarwa."

Ta rufe baki da mayafi, kafaɗunta suna rawa. Sufeto ya jira.

"Ya sa na rantse ba zan faɗa wa kowa ba, har yaron nan. An fi shekara goma. Ni nake ɓalla masa maɓalli. A ɗaki yake cin abinci shi kaɗai. In zai fita cikin mutane sai ya sha maganin ya zura hannu a aljihu." Ta share hawaye. "Ka san abin da ya hana shi zuwa asibiti? Jiya ya ce min, in suka miƙo min jaririn nan na yar da shi fa? In kuma na ƙi karɓa, me zan ce? Ya zauna bakin gado yana kuka kamar yaro. Da safe kuma ya ce wa ɗansa wai gam."

"To wa yake yin jiragen?"

Ta ɗago da mamaki na gaske a fuskarta. "Shi mana. Ya ce min da zarar ya riƙe wuƙa hannun yakan tsaya cak. Baiwa ce."

"Kin taɓa gani da idonki?"

"Ba a shiga in yana aiki. Kulle ƙofa suke yi."

"Suke yi? Shi da wa?"

"Shi da ƙaninsa. Ai sai da mai miƙo masa kaya, mai share masa wuri."

"Tambarin nan da ake sa wa jirgi, yaushe ake sa shi?"

"Sai an gama komai, fenti ya bushe. Ranar yakan kira ni in tsaya in gani. Bai taɓa sa wa jirgin da ba a gama ba, yakan ce ba a yi wa abin da bai cika ba shaida."

Sufeto ya yi mata godiya ya miƙe. A tsakar gida ya ja Saje gefe ya raɗa masa magana. Saje ya zaro ido.

"Yallaɓai, in ya karye fa? Albashina har na mutu ba zai biya ba."

"Ba zai kai ƙasa ba. Ka yi yadda na ce."

Aka kira Direba zuwa ɗakin sassaƙa. An ɗauke gawar, an zuba garin katako a kan jinin, amma teburin yana nan a kife. Dattijon ya tsaya daga bakin ƙofa, hannuwansa a baya.

"Baba, shigo mana. Ai ɗakinku ne."

"Ɗakin Yaya ne. Ni ɗan aike ne kawai."

"Shekara nawa kana tare da shi?"

"Shi ya raine ni tun mutuwar iyayenmu. Na yi yawon duniya na dawo ba ko sisi, ya ba ni ɗaki ya ba ni mota."

"Duk zaman nan ba ka koyi sassaƙa ba?"

"Ina ni ina sassaƙa, Yallaɓai? Sitiyari na sani da tsintsiya."

"Yau da safe fa?"

"Na faɗa maka, ina kasuwar katako. Ban dawo ba sai da na ga taro."

"To madalla. Za mu tafi da wasu kaya ofis a matsayin shaida. Saje, sauko da wancan na sama."

Saje ya taka kujera ya cafki jirgin dakon kayan ta siririn turkensa da yatsu biyu, kamar mai ɗaga ɓera ta wutsiya, ya sauko yana lilo da shi. Ya ce bari ya cire waɗannan matsan, ba za su shiga kwali ba. Ya kai hannu.

"Kai! Kar ka taɓa!"

Ko Sufeto da yake jiran haka sai da ya razana. Dattijon da yake tafiya kamar mai tausayin ƙasa ya tsallake ƙafar teburin da taku ɗaya, ya tallabo jirgin ta ƙasa da tafin hannu biyu, ya karɓe shi.

"Ta gindi ake riƙewa! Kuma fallen nan lanƙwasa shi aka yi da tururi, in ka cire matsan yau zai miƙe ya tsage har baki. Sai gobe da..."

Ya tsaya.

"Sai gobe da yaushe, Baba?" in ji Sufeto a hankali. "Kai da ka ce tsintsiya ka sani."

"A bakin Yaya na ji."

"Ajiye jirgin. Naɗe min hannun rigarka na hagu."

Dattijon ya ɗora jirgin a kan mazauninsa, ya gyara masa zama har sau biyu. Sannan ya kwance maɓallin, ya naɗe. Daga wuyan hannu zuwa gwiwa fatar sumul take tana sheƙi, ko silin gashi babu. Babban yatsansa na dama ya yi kanta kamar ƙahon rago.

Saje ya saki baki. "La ilaha illallahu. Duk waɗannan... kai ne?"

Direba ya bi kantocin da kallo, ya zauna a kan wata 'yar kujera.

"Na kanta biyun ƙasa nasa ne. Daga nan zuwa sama nawa ne."

Sufeto ya jawo akwati ya zauna a gabansa. Bai ciro takarda ba. Dattijon ya daɗe yana kallon hannuwansa kafin ya fara.

"Ranar da wuƙa ta fara faɗuwa daga hannunsa, ni kaɗai ne a ɗakin. Akwai aikin da ya karɓa, rabi ya yi. Ya ce in ƙarasa masa kafin ya warke. Ai a gabansa na girma, idona ya sha aikin tun kafin hannuna. Na ƙarasa. Mai jirgin ya zo ya ce Yaya bai taɓa yin mai kyan wannan ba. Muka yi dariya ni da shi bayan ya tafi. Wallahi dariya muka yi."

Ya girgiza kai ya ci gaba.

"Bai warke ba. Sai ya zama kullum mu kulle ƙofa, ni ina kan tebur, shi yana kan kujerar can yana ce min nan ya yi kauri, nan ya karkace. Idonsa bai taɓa mutuwa ba, wannan kam gaskiya ne. In an gama, in gasa masa ƙarfen, in riƙe hannunsa da nawa mu danna tare kafin a kira matarsa, ita kuma ta zo ta ga yana ɗaga ƙarfen. In baƙi sun zo, ni nake kawo musu kujeru. Ban taɓa jin haushi ba. Ko na ji, ban sani ba."

"Wannan fa?" Sufeto ya nuna jirgin dakon kayan.

"Wannan ba na sayarwa ba ne. A cikin babbansa na gaske na yi aiki ina saurayi, ina goge daɓen jirgi ina ɗaure igiya. Yaya bai taɓa hawa jirgi ba, a hoto ya san su. Wannan daga kaina na fito da shi. Leƙa ta tagar nan ta ƙasa, za ka ga gado mai hawa biyu, na saman nawa ne. Har ƙofar da ta lotsa na yi ta a lotse." Ya sake duban jirgin. "Ina da 'ya, tana aure a nesa. In aka tambaye ta sana'ar ubanta, sai ta ce yana taya yayansa. Na ce wa Yaya, wannan ɗaya tak, ba zan sa masa tambari ba, zan kai mata in ce ni na yi. Bai ce e ba, bai ce a'a ba."

"Yau da safe ka dawo da wuri."

"Na manta ma'aunina. Tun daga tsakar gida na ji ƙauri. Na shigo na same shi ya kifa jirgin a cinya, ya riƙe ƙarfen da hannu biyu yana rawa, ya riga ya danna. Shi kaɗai, Yallaɓai. Abin da ya yi shekaru bai iya ba, yau ya iya. Garin kifawar ne ma ya ɓamɓaro fallen nan. Ya ɗora shi a tebur ya ce masu gidan kayan tarihi za su karrama shi, ya yi musu alkawarin sabon abu. Na ce Yaya, na 'yata ne. Ya ce in ka kai mata ka ce kai ka yi, gobe gari ya san sauran ma kai ne. Ya ce, duk abin da ya fita daga ɗakin nan sunana ne a kansa, kai wa ya san ka? Ya juya min baya zai kashe murhu."

Dattijon ya kalli wurin da aka zuba garin katako.

"Gudumar tana kan tebur. Ban san na ɗauka ba sai da na ji ƙarar."

Saje ya juya ya fuskanci bango.

"Sai ka hargitsa ɗakin don a ce ɓarayi ne," in ji Sufeto.

"Na ɗauke jirgin tukuna. Da na ga fallen yana ɗagowa, na shafa masa gam na danne. Ina yi ina ce wa kaina, kai mahaukaci ne, yayanka ne a ƙasa. Amma hannun bai saurare ni ba. Na fita ta baya na koma kasuwa. Ban san yaron ya zo sun yi faɗa ba. Ban san zai dawo ba."

"Amma da ka dawo ka gan shi a ƙasa ana dukansa."

Direba ya sunkuyar da kai.

Sufeto ya miƙe. Ya gaya masa an kama shi da laifin kashe yayansa, ya yi wa Saje alama. Dattijon ya miƙa hannuwansa da kansa aka sa ankwa. Da suka ratsa tsakar gida, matar marigayin ta fito bakin falo. Ta kalli ankwar, ta kalli fuskar ƙanin mijinta. Sai ta sulale ta zauna a dokin ƙofa, mata suka yo kanta.

Kafin magariba Oga ya sa hannu a saki makanikin. Sufeto da kansa ya buɗe sel ɗin, ya zaunar da shi a benci ya gaya masa komai, har da abin da ya hana ubansa zuwa asibiti. Saurayin ya saurara bai ƙifta ido ba. Da aka zo kan maganar jaririn sai ya cusa hannu a baki ya ciza.

Makanikin yana tsaye a gaban kanta ana miƙa masa bel da makullansa aka shigo da Direba daga ɗakin ɗaukar bayani za a wuce da shi ciki. Hanyar matsattsiya ce, dole suka yi kiciɓis. Saje ya so ya ja dattijon su wuce, Sufeto ya ɗaga masa hannu.

"Baffa."

Dattijon ya tsaya, kansa a ƙasa.

"Baffa, kai ka koya min tuƙi. Kai kake ɓoye ni a bayan mota in Baba zai dake ni. Ɗazu suna dukana na hango ka, na ce Baffa ya zo, yanzu zai hana su." Ya matso taku ɗaya. "Abu ɗaya zan tambaye ka. Da Sufeton nan bai gano ba, da za ka bari su rataye ni?"

Kofur ɗin da ke kanta ya daina rubutu. Sufeto ya ga leɓen dattijon yana motsi, ya tabbata zai ce a'a, ko don yaron ya samu abin riƙewa ya tafi da shi gida.

Direba ya ɗago ya dubi ɗan yayansa ido cikin ido.

"Tun rana nake yi wa kaina tambayar nan," ya ce. "Ban sani ba, ɗana. Wallahi ban sani ba."

Makullan suka suɓuce daga hannun makanikin suka faɗi a siminti. Ba wanda ya sunkuya ya ɗauka. Saje ya kama gwiwar hannun dattijon, ya wuce da shi ciki.